Ofishin da Ba Ya Shan Mai

Daren jiya wani mafarki ya kai ni garin da ruwan sama ke tsattsafowa daga ƙasa ya haura. Ni ne babban magininsu, kuma ba yabon kai ba, na yi musu ofishi na gani na faɗa. Bangon jar ƙasa mai kauri, tagogi na shan iska, sola a kan rufi. Tankunan ruwa kuwa kife su na yi, baki na kallon ƙasa, suna cika da kansu. Ba janareta, ba kuɗin mai, ciki sanyi kamar gindin randa.

Sai ga ni a gaban Darakta, wani bunsuru mai suna Alhaji Tanimu, yana tauna fayil.

"Malam Barau, ginin nan shiru ya yi yawa," in ji shi. "Baƙo ya shigo bai ji rurin janareta ba, ta yaya zai san babban mutum ya zo gani?"

"Ranka ya daɗe, ai shirun shi ne gwanintar."

"Gwaninta a gidanku. In la'asar ta yi ban ji ƙara ba, ma'aikata za su cinye ginin."

Na leƙa waje. Tuni awakin sashen kuɗi sun fara lasar bangon gabas. Abin ya sosa mini rai, don ban taɓa gina abin da nake so kamarsa ba. Amma ko gezau ban yi ba.

Na zagaya baya, na shige wani akurki, na cika kumatu na fara: "Dududududu!"

Nan take awaki suka bar bango suka koma kan teburansu. Baƙi suka shiga tuɓe takalma tun daga bakin titi. Alhaji Tanimu ya leƙo ta taga, gemu na rawa.

"Madalla! Wannan wace iri ce?"

"Dududu, ba ta shan mai, ranka ya daɗe, dududu."

"To kada a kashe ta har abada."

Na ci gaba, maƙogwaro na zafi, gini na tsaye.

Bugun ƙofa ne ya tashe ni. Maƙwabcina Isiyaku ne, da wayoyi cike da hannu.

"Malam Barau, mun ji ka tayar da inji. A taimaka mana da caji."