Igiyar da Ta Kifar da Kwalekwalen Baba Sallau

Malam Nazir mutumin Dakko ne, aikin koyarwa ya zaunar da shi a Talata Mafara, inda yake koyar da fiziks a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo. Yana son darasinsa har a kaɗa ƙararrawa bai ji ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya jure ɗalibi ya dube shi da idon shakka.

A makon da matarsa Zahra'u ta haifi ɗansu na fari, darasin igiyoyi yake yi da 'yan aji biyar. Ya zana layi mai hawa da gangara a allo, ya ce musu igiyar ruwa ba ruwa take kwasa daga nan ta kai can ba. Ruwan yana nan inda yake, sama da ƙasa kawai yake yi, ƙarfi ne ke tafiya a cikinsa. Haka sauti yake yi a iska: muryar ladan tana isa ƙarshen unguwa, amma iskar bakinsa ba ta bar masallaci ba. Yara suka rubuta, amma ya ga fuskokinsu, ya san ba su gamsu ba. Sai ya ce duk mai son gani da ido ya same shi a bakin dam ranar Asabar da hantsi. Dama gidansa ya cika da mata 'yan barka, ko wurin shimfiɗa tabarma ba ya samu.

Ranar Asabar yara suka zo da yawa, wasu a keke, wasu a ƙafa. Ruwa kwance lumui, ko iska babu. Malam Nazir ya jefa gorar roba da ba kome a cikinta, ya bari ta natsu, sannan ya wurga dutse can gaba da ita. Zobba suka buɗe, suka yi ta faɗi har suka iso gorar. Ta ɗaga, ta sauka, ta sake ɗagawa, igiyar ta wuce ta bar ta a wurinta.

"Kun gani?" in ji shi. "Da ruwan ke tafiya, da ya kawo mana gorar nan har ƙafafunmu."

Ummulkhairi, wadda ta fi kowa tambaya a ajin, ta gyara hijabinta ta ce, "Malam, mun ga ba ta tafi ba. To amma ina ƙarfin? Wagga ko kwaɗo ba ta tadawa daga barci."

Yara suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, amma kunnuwansa sun ɗau zafi. Ya ce ƙaramar igiya ƙaramin ƙarfi take ɗauka, amma in tsayinta ya ninka, ƙarfinta ba ninkawa kawai yake yi ba, yakan zama huɗun na da. Wani daga baya ya ce, "A takarda ke nan." Aka sake dariya.

Daidai nan ya hango Falalu yana wanke jirginsa mai inji. Tare suka tashi a Dakko. Tun da hanyar daji ta lalace mutane suka koma bin ruwa, Falalu ya sayi inji yana tsallakar da mutane da kaya tsakanin wannan gaɓa da ta wajen Maradun. Ya sauke fasinja ke nan, jirgin ba kowa.

Malam Nazir ya ƙarasa suka gaisa, Falalu ya yi masa barka da arziki. Sai ya ce, "Don Allah taimake ni da abu guda. Shiga can tsakiya ka gitta ta gabanmu da gudu. Igiya nake so yaran ga su gani, babba."

Falalu mutum ne mai son a kalle shi. Ya ja igiyar inji, ya fita, ya yi kwana, ya gitta. Igiya ta zo ta bugi gaɓa, yara suka ja da baya suna ihu. Malam Nazir ya dubi Ummulkhairi, ya ga har yanzu leɓenta a taɓe yake. Sai ya cire hularsa ya ɗaga sama yana kaɗawa, ya ɗaga murya: "Ƙara wuta, Falalu! Ƙara wuta!"

Falalu ya juyo ya murɗe injin har ƙarshe. Hancin jirgin ya tashi, bayansa ya nutsa, ruwa ya tsage gida biyu. Malam Nazir ɓangaren da ya nufo su kawai yake kallo. Ɗaya ɓangaren ya tafi dama, wajen wani tsibirin kacalla, kuma a daidai lokacin ne wani ƙaramin kwalekwale ya fito daga bayan ciyawar, ya sha kaya har ruwa ya kusa bakinsa, wani dattijo na tuƙa shi da filafili.

Malam Nazir ya ga igiyar tana tafiya, ya kuma san abin da za ta yi, don shi ya koyar da shi da bakinsa: in ta iso inda ruwa ba zurfi sai ta rage gudu, ta taru, ta yi tsayi. Haka kuwa ta yi. Ta farko ta ɗaga kwalekwalen ta gefe. Ta biyu ta zuba a ciki. Dattijon ya miƙe zai riƙe wani buhu, kwalekwalen ya kife.

Allah ya sa ruwan wurin iya ƙirji ne. Malam Nazir ya riga kowa faɗawa ciki, wasu masunta suka biyo shi. Sai da ya kama hannun dattijon ya ɗago shi sannan ya ga fuskarsa. Baba Sallau ne, mahaifin Zahra'u.

Daga Faru ya taso tun da asuba, ya ari kwalekwalen wani maƙwabcinsa ya biyo gefen ruwa sannu a hankali, don ya kawo wa 'yarsa kayan jego. Garin kunu buhu guda, wanda uwarta da maƙwabta suka surfa suka daka. Kanwa. Yajin jego a tukunyar ƙasa an ɗaure bakinta da tsumma. Ruwan da ke kewaye da su ya yi fari da gari, yajin ya bazu ja a sama yana shiga ido. Masunta suka ciro buhun yana zubar da farin ruwa, ya zama ƙulli.

Aka fito da tsohon gaɓa. Hularsa ta tafi, furfurarsa a waje, rigarsa ta manne masa a jiki har ana ƙirga haƙarƙarinsa, yana tari a gaban 'yan makaranta maza da mata. Mutumin da Malam Nazir bai taɓa haɗa ido da shi ba, wanda in zai gaishe shi sai ya tuɓe takalmi daga nesa ya durƙusa. Da sauri ya ɗauko babbar rigarsa da ya rataye a kan babur ɗinsa ya lulluɓa masa.

Falalu ya kashe inji ya iso. Baba Sallau ya nuna shi da yatsa. "Kai, yaro, mi na yi maka? Ba ka da ido? Ko ruwan na ubanka na?"

Masunta suka yi caa a kan Falalu. Wani ya ce dama ya daɗe yana yi musu wannan gudun banza yana tsinka musu komar kamun kifi. Falalu ya juyo ya dubi Malam Nazir, yana jira. Yara ma suka dube shi.

Maganar tana bakinsa. Gajeriya ce: ni na sa shi. Amma ya dubi surukinsa tsaye cikin rigarsa yana rawar ɗari, sai ya fasa. Ya sunkuya ya shiga tattara takalman tsohon. Ya ce wa yara, ba tare da ya ɗago ba, kowa ya tafi gida.

Ya goya Baba Sallau a babur har gida. Tun daga zaure tsohon ya fara ba da labari. Ya faɗa wa mata 'yan barka, ya faɗa wa maƙwabta, da la'asar ya faɗa a ƙofar masallaci, sanye da rigar nan: wani mahaukacin mai inji ya kifar da shi, ba don Allah ya kawo surukinsa wurin ba da sai dai wani labari. "Shi yaf fara faɗawa ruwa, da agogonai da komi. Ya ɗauko riga tai ya ba ni. Wanga ɗa na, ba suruki ba." Mutane suka riƙa tare Malam Nazir a hanya suna sa masa albarka. Kowace albarka sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Ya sayo gero da kanwa a kasuwa, aka ce dubi kirki. Tuwo ya gagare shi ci.

Ranar Litinin ya shiga aji. Suka tashi suka gaishe shi kamar kullum, suka zauna. Ya rubuta kan darasi, ya yi bayani, ya ce akwai mai tambaya? Ba wanda ya motsa. Ummulkhairi ta kafa ido a kan tebur. Bai taɓa koyar da aji mai shiru irin wannan ba, ya fita tun ba a kaɗa ƙararrawa ba.

A bakin ƙofar makaranta wani mai sayar da soyayyen kifi ya ba shi labari: Sarkin Ruwa Maiwada, shugaban masunta da masu jirage na wannan gaɓa, ya sa an kwance injin Falalu an ajiye a zaurensa. Ba zai sake shiga ruwa ba sai abin da hali ya yi. Falalu kuwa da aka tambaye shi dalilin gudun, cewa ya yi tsautsayi ne, bai ambaci sunan kowa ba.

Da ya koma gida da azahar ya tarar mata sun fita tsakar gida, Zahra'u ita kaɗai a ɗaki tana shayar da jariri. Ya zauna a bakin ƙofa ya faɗa mata duka, har da hular da ya kaɗa. Ta gyara wa yaron kwanciya. Sannan ta ce, a hankali, "Malam, ni ba a karɓe mani inji ba. Ba ni ya kamata ka faɗa wa ba."

Washegari da safe ya durƙusa nesa da tabarmar Baba Sallau, suka yi doguwar gaisuwa, ya tambayi kwanan jiki da tarin. Sannan ya roƙe shi ya raka shi wurin Sarkin Ruwa. Tsohon ya ɗauka za a ba shi haƙuri ne a hukumance, ya saka rigar nan ya hau babur.

Zauren cike yake da masunta suna gyaran koma. Injin na jingine a kusurwa. Aka aika aka kira Falalu, ya zo ya zauna a bakin ƙofa bai dubi kowa ba. Malam Nazir ya zube a gaban Sarkin Ruwa.

"Ranka ya daɗe, ni na sa Falalu ya yi gudun nan. Darasi nake nuna wa yara. Ya yi na farko ban ƙoshi ba, na ce ya ƙara wuta. Ban duba ko akwai wani a ruwan ba. Da aka tsare shi ina tsaye, na yi shiru."

Hannuwan masu gyaran koma suka tsaya. Sarkin Ruwa ya ce, "Kai da bakinka ka ce ya ƙara?"

"Ni da bakina, ranka ya daɗe."

Bai iya juyawa wajen surukinsa ba, ƙafafunsa kawai yake gani. Da tsohon ya buɗe baki, muryarsa ba faɗa a cikinta, kuma wannan ya fi ciwo.

"Ruwa ba komi na ba, Malam. Tun ina yaro ruwa ka kada ni. Gari kuma a daka wani. Amma ka bar ni ina yawo cikin gari, da girmana, ina faɗa ma mutane abin da ba shi ne ba. Har ƙofar masallaci." Ya juya wajen Falalu. "Yaro, na ambaci ubanka rannan. Ka yafe mani."

Falalu ya ce ba kome, Baba, shi ma da laifinsa, hannunsa ne a kan injin.

Sarkin Ruwa ya yi wa su biyun faɗa mai tsawo, ya ce malamin makaranta ko mai jirgi, duk wanda ya sake tada ruwa kusa da gaɓa ba zai ji da daɗi ba. Ya ce Malam Nazir ya gyara kwalekwalen aro da ya tsage, Falalu kuma ya ɗauki injinsa.

Baba Sallau ya ce a ƙafa zai koma, yana so ya biya kasuwa. Bai yi fushin da za a gani ba. Ya zauna har aka yi suna, ya yi wa jaririn addu'a, ya amsa gaisuwar surukinsa kamar yadda ya saba. Sai dai bai sake ba da labarin ruwa ba, in wani ya tayar da zancen sai ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya kawo wata magana.

A ranar da aka je wurin Sarkin Ruwa, da zaure ya watse, Falalu ya tsaya a kan injinsa yana neman wanda zai kama masa. Malam Nazir ya matso ya naɗe hannun riga. Falalu ya dube shi, ya dubi injin, ya kama wajen farfela mara nauyi ya bar masa kan. Daga zauren zuwa bakin ruwa da 'yar tafiya, ga yashi, ga rana ta fara zafi. Mai ya ɗiga ya ɓata masa wando. Da suka kusa gaɓa, Falalu ya ce, "Sauke mu huta."

Suka sauke. Falalu ya share gumi da gefen hannu, ya tambaye shi wane suna za a sa wa yaron.