Furfura a Kan Auta

Da na san abin da zai biyo baya, da ranar da mutumin nan ya sauke tsohuwar kwamfuta a ƙofar shagona na ce ya mayar da ita mota. Ban sani ba, har godiya na yi ta zuba masa. Duk uban da ya ga ɗansa ya buɗe cikin inji yana cewa zai ƙara masa gudu, ya daure ya riƙa taɓa kan yaron.

Ni mai aski ne. Shekara ashirin da shida ina riƙe kawunan mutane, karatuna kuwa bai wuce in karanta takarda in rubuta wasiƙa ba. Wanda ya kawo kwamfutar yana aski a wurina ne. An sauya musu injina a ofis, aka ce kowa ya kwashi tsofaffin. Ya ce in kai wa ɗana Auta, ta rage masa zaman banza kafin ya samu makaranta.

Auta shekararsa goma sha tara. Ya ɗora ta a kan teburin ɗakinsa, ya sa mata wani wasan harbe-harbe da suke yi da abokansa ta intanet. Sai dai kwamfutar ta tsufa. Kafin mutuminsa na cikin wasan ya ɗaga bindiga an riga an kashe shi sau biyu. Ta bango muna jin abokan suna dariya a lasifika, suna kiransa Kunkuru.

Wata rana da hantsi na dawo ɗaukar tawul, na tarar ya cire murfin akwatin, ya baje sukurori a kan faranti.

"Kai, kyautar ce ka yanka tun ba ta kwana biyu ba?"

"Baba, ba yankawa na yi ba. Obakulok zan yi mata."

"Oba me?"

Ya nuna mini wani ƙarfe mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin fanka, bai kai akwatin ashana ba. Ya ce wannan ne furosesa, shi ne ƙwaƙwalwar. Masu ƙera shi sun ɗaure shi a kan gudun uku da ɗigo biyu, amma zai iya fin haka idan aka ƙara masa wuta kaɗan-kaɗan. Ya shafa masa wani farin mai kamar man goge baki, ya mayar da fankar, ya shiga wani shuɗin shafi yana canza lambobi.

"Ba zai ƙone ba?"

"In ya yi zafi zai kashe kansa. Ga lambar zafin nan, ina kallo."

Uwarsa ta leƙo ta ce, "In dai gudu ake ƙarawa, a fara da kai. Tun ɗazu na aike ka."

Muka yi dariya, na koma shago.

Tun yana jariri ni nake yi masa aski, duk bayan mako biyu, ranar Lahadi. Na san kansa fiye da tafin hannuna: tabon da ya samu a bayan kunne, da inda gashin ke murɗewa a tsakiya. Na yi masa ranar Lahadi, ƙasa sosai yadda yake so. Ranar Alhamis yana cin abinci na dubi ƙeyarsa, na ga gashi ya rufe tabon.

Kilifar da nake aski da ita na fara zargi. Na kwance ta, na wasa haƙoran, na gwada a kan wani direba. Lafiyarta lau.

Ranar Asabar na zaunar da shi a kujerar shago, na yafa masa ƙyalle. Da na ɗora hannun hagu a kan tsakiyar kansa don in karkata shi, sai na janye. Na sha taɓa kan mai zazzaɓi, na san yadda yake. Wannan zafi ne busasshe, irin na murfin tukunya, babu ɗigon gumi.

"Ba ka da lafiya?"

"Garau nake, Baba. Na kai ta uku da ɗigo takwas. Jiya ni na zo na biyu a wasan."

Yana magana da sauri, kalma na hawa kan kalma. Faratansa ma sun yi tsawo, alhali na ga ya yanke su a farkon mako.

Uwarsa ta kai shi asibiti. Aka auna, aka ɗebi jini, aka ce ba komai, yaro ne mai tasowa, ya riƙa shan ruwa. Ita dai abin da ya dame ta ci. Kwano uku yake tashi da shi, kafin ta wanke hannu ya dawo yana buɗe tukunya. Ta ce, "Ni fa ban san mutum nake ciyarwa ba ko injin niƙa." Amma ƙiba ba ya yi. Kumatunsa ma sai faɗawa suke.

Mako na uku ya ce ya kai huɗu da ɗigo biyar, abokansa sun daina ce masa Kunkuru. A askin makon ne, ina bin gefen kunnensa da reza, na ga wani abu yana ƙyalli. Na ɗauka zaren ƙyalle ne, na hure. Bai tashi ba. Na sa mataji na buɗa gashin a hankali. Farin gashi bakwai na ƙirga. A gidanmu furfura ba ta zuwa da wuri, ni kaina sai da na haura arba'in da biyar na ga ta farko. Na share gashin da ya zuba, na ƙulle a takarda, na sa a aljihu.

Akwai mai gyaran kwamfuta a ƙarshen layinmu, kowa Injiniya yake ce masa. Mai sanƙo ne, don haka ba ya zuwa wurina sai don hira. Na roƙe shi ya zo ya duba mini injin, ban faɗa masa dalili ba.

Ya zo bayan azahar, yana tsokanar Auta. "Kai ne ka mayar da jaki doki? Nawa ka kai ta?"

"Huɗu da ɗigo biyar, kawu."

"A wannan fankar? Ƙarya kake, ɗan nan. Da tuni mun soya ƙwai a kanta."

Auta ya kunna wasan, ya nuna masa lambar zafi a kusurwar allo. Ashirin da tara. Injiniya ya ce ma'aunin ne ya lalace. Ya bari aka yi wasa na rabin awa, sannan ya zura yatsa ya taɓa ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar. Na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Sanyi ƙalau, kamar cokalin da ya kwana a waje.

A ƙofar gida ya ce, "Maigida, abin nan ya kamata ya kai tamanin ko casa'in. Wutar da ya ƙara masa dole ta zama zafi, zafin kuma dole ya je wani wuri. Ba ya ɓacewa."

"In aka matsa wa injin haka, me ke samunsa?"

"Tsufa da wuri. Wanda zai yi shekara goma sai ya yi uku. To wannan ko a jikinsa, kamar yau aka ƙera shi."

Na zaro takardar na buɗe masa. Ya daɗe yana kallon fararen gashin a cikin baƙin. Bai ce na haukace ba, bai kuma ce ya yarda ba. Ya ce in ina so kwamfutar ta koma yadda take, in zare wayar wuta, in buɗe murfin, zan ga wani ɗan batir zagayayye kamar maɓallin riga. In cire shi, in jira minti biyar, in mayar. Duk abin da yaron ya canza za ta manta.

Na fara da lallami. Na ce wa Auta ya rage mata gudu da kansa. Ya ce saura kwana huɗu gasarsu, yana so ma ya gwada huɗu da ɗigo takwas. Na ɗaga murya, abin da ban saba ba. Ya dube ni, sai na ga layi biyu sun fito a gefen bakinsa, irin waɗanda nake gani a madubi idan ina wanke fuska.

Washegari da rana na rufe shago na dawo gida. Yana falo, uwarsa ta zuba masa kwano na biyu. Na wuce ɗakinsa na tura ƙofa. Na kashe injin, na zare waya daga bango, na ajiye ta a kan gado inda zan riƙa ganinta, sannan na buɗe murfin. Fankar ba ta tsaya ba. Na jira, na ce ko saura ne. Tana ta juyawa, a hankali, tana ɗan ja tana saki kamar numfashin mai barci.

Sai da na gwada sau uku kafin na sa bakin almakashi a ƙarƙashin batirin. Ya yi tsalle ya faɗo tafina. Fankar ta tsaya cak.

A falo na ji cokali ya faɗi a kan tayil.

"Auta? Kai, Auta! Baban Auta, zo ka gani!"

Na fito da batirin a hannu. Yana zaune yadda yake, hannunsa a sama rabin hanya zuwa baki, idonsa a buɗe yana kallon bango. Ba ya ƙiftawa. Uwarsa tana girgiza kafaɗarsa tana salati. Na ɗora hannu a kansa, na ji zafin yana sauka a ƙarƙashin tafina. Na sa kunne a ƙirjinsa. Wallahi ban iya cewa na ji wani abu ko ban ji ba, saboda bugun tawa zuciyar ya cika mini kunne.

Minti biyar aka ce. In na mayar da wuri, kwamfutar ba za ta manta ba, mu koma inda muke. Na tsaya ina kallon agogon bango, uwarsa tana ja mini riga tana cewa in nemo mota, me nake kallo a agogo. Minti uku da rabi na iya. Na ruga ɗaki na danna batirin a gurbinsa.

Kafin in juyo na ji tari. Sai muryarsa, a hankali, irin tasa ta da: "Mama, yau wace rana ce?"

Da muka kunna kwamfutar, ita ma abin da ta fara tambaya ke nan, kwanan wata. Lambar gudun ta koma uku da ɗigo biyu. Cikin rabin awa ƙarfen ya yi ɗumi, yadda Injiniya ya ce ya kamata.

Yau wata biyu ke nan. Auta yana cin kwano ɗaya, askinsa ya koma mako biyu. Bai tuna gasar ba, bai tuna an taɓa daina ce masa Kunkuru ba, wasan ma ya fita ransa. Furfurar tana nan, goma sha ɗaya yanzu, ba ta ƙaru ba tun ranar. Layin bakinsa ma bai goge ba. Uwarsa ta ce suma ce kawai ya yi don yunwa, ta ce in fitar mata da wannan akwati daga gida. Na ce to, amma na kai shi ɗakina na sa a saman kabad, na lulluɓe da tawul mai tsabta. Ba na barin kowa ya goge wurin.

Na tambayi Injiniya ko irin batirin nan yana daɗewa. Ya ce shekara biyar, wani lokaci bakwai, kuma na ciki tun na ofis ne, bai san yaushe aka sa shi ba. Ya ba ni sabo a cikin leda, ya ce canzawa ba ta ɗaukar daƙiƙa goma. Yana cikin aljihun rigar aikina, kusa da mataji. Kullum ina taɓa shi, ban sa shi ba.

Ban san shekara nawa makonni ukun nan suka ci daga cikin na ɗana ba. Ban san ko minti uku da rabi sun isa ba. Kuma ban san abin da zai same shi ba ranar da na cire tsohon batirin, ko ranar da ya mutu da kansa a saman kabad.