Maganin Banɗaki a Kwalbar Lemo

Wata malamar makaranta ta hana zubar da kwalabe a gidansu, kullum cikin faɗa take a kan tulin shara. Da safe ta juye maganin wanke banɗaki a tsohuwar kwalbar lemo, da niyyar yi mata alama in ta dawo daga makaranta. Tana dawowa ta tarar da kwalbar a buɗe kan tebur, kusa da kofin mahaifinta. Ta juya ta dube shi.

"Baba! Ka sha wannan?"

"Kurɓi ɗaya ne, sarkin tattali, na tofar," in ji shi, muryarsa a dishe, yana shafa maƙogwaro. "Allah zai kiyaye."

"Tashi mu tafi asibiti!"

Ta fizgi hannunsa suka fita, ko takalmi babu a ƙafarta.