Kifin da Aka Goya

Kwana tara Iya Ajuma ta yi ba ta kira sunan kowa ba. Abin da ya taso jikarta Zuwera daga Yamai ke nan, ba hawan jinin ba, don hawan jini ya daɗe da zama ɗan gida. Tsohuwar da babu jikan da ba ta laƙa wa sunan tsiya ba, a ce ta yi shiru tana kallon azara, abinci ma ta ƙi? Zuwera ta goya 'yarta Salima ta hau motar safe. Har Dosso tana cewa sharrin mutanen gida ne, daga Dosso zuwa Gaya kuwa addu'a take kada ta shiga ɗakin nan matar da ta raine ta ta dube ta kamar baƙuwa.

Gidan yana nan yadda ta bar shi, randar nan mai tsagaggen baki tana gindin mangwaro. Abu ɗaya ne sabo: Goggo Bibata, babbar 'yar Iya, ta dasa kujera a ƙofar ɗakin mara lafiya, takardar lokotoron asibiti a ƙulle a bakin zanenta. Duk mai zuwa dubiya sai ta buɗe kwanonsa ta sansana. Ba gishiri, ba mai, ba yaji, ba goro. Kwano goma sha ɗaya ta mayar a mako guda, har da na matar liman.

Zuwera ta shiga da wasan da suka saba. "Ke tsohuwa, tashi hakanan! Ko kin ji za ni zo ne kinka kwanta don kada ki yi mini tuwo?"

Iya ta juyo da ido, ta bi ta kanta da kallo ta wuce, kamar yadda ake kallon labule.

"Iya, ni ce fa. Zalɓenki ce."

Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Goggo ta kawo wani fate fari fat, Iya ta juya fuska bango. Zuwera ta ɗanɗana, nan take ta ba tsohuwar gaskiya. Ta fito ta zauna a gindin randa, zuciyarta ta yi baƙi ƙirin.

A wurin nan ake kwance ta daga goyo tana ƙarama. Iya 'yar kasuwa ce a zamaninta, atamfa take sarowa a Malanbil, ƙetaren kadarkon kan iyaka, kuma ba ta taɓa yarda cewa 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito, suna da haƙƙi a kan guminta ba. Sai ta shimfiɗa turmi biyu a bayanta, ta ɗora Zuwera a kai, ta ɗaure da zane da majanyi. Har Zuwera ta shekara shida ana goya ta, ƙafafu suna reto har gwiwar Iya, daga nan ta sami sunan Zalɓe. Dokar guda ce: a kwantar da kai, a yi lamo kamar mai zazzaɓi. In ɗan duwan ya matso, Iya za ta mintsine ta a ƙwauri, ita kuma ta ɓarke da kukan da zai sa mutum ya ce a wuce da yarinyar nan tun ba ta mutu a gabansa ba. In sun sauka daga kadarko, Iya ta ce, "Ya isa, mun ƙetare." A gida a biya ta da gaɓar rake.

Zuwera ta dubi Goggo a kan kujera, ta dubi Salima tana barci. Wani murmushi ya zo mata wanda ba na mutanen kirki ba ne.

Washegari da hantsi ta ce za ta gaida dangin mijinta. Bakin kogi ta nufa. Wajen masu kifi ta zaɓi karfasa soyayyiya mai faɗin tafin hannu biyu, aka barbaɗe ta da yaji har ta yi ja. Ta bari ta huce, ta naɗe a leda, ta shimfiɗa a bayanta, ta ɗora Salima, ta ja zane ta tamke. Ɗaurin Iya sak, hannunta bai manta ba.

Abin da ta manta shi ne atamfa ba ta da ƙamshi. Tun daga zaure kyanwar gidan ta tare ta, ta ɗaga wutsiya ta biyo ta tana kuka kamar an yi mata alkawari.

Goggo ta duba hannuwa, ta zazzage jaka, ba komai. Ta dubi kyanwa.

"Mi wagga dabba take bi gare ki?"

"Salima ce ta yi tumbuɗi, Goggo."

Goggo ta daɗe tana kallon goyon. Sannan ta janye ƙafa daga hanya.

A ciki Zuwera ta saki labule, ta kwantar da Salima a gefen gado, ta warware leda. Hancin Iya ne ya fara farkawa. Hannun nan da ya zama ƙashi da fata ya lallaɓo, ya ɓanɓari tsoka, ya kai baki. Loma ɗaya, biyu, uku. Zuwera ta ji daɗi, amma daɗin bai cika ba, domin idon tsohuwar a kan kifi yake. Ko ɓarawo ne ya kawo shi haka za ta ci.

Sai ga ƙarar takalmin Goggo, faɗat-faɗat, tana tahowa.

Abin da ya faru ya fi ƙiftawar ido sauri. Hannun Iya ɗaya ya tura kifi ƙarƙashin zane. Ɗayan ya sauka gefen gado, ya laluba, ya sami ƙwaurin Zuwera, daidai wurin nan, ya murɗe.

Zuwera, mace mai shekara talatin da biyu, malamar lakwal mai koyar da yara, ta wage baki ta ɓarke da kuka. Na aiki ta fara, irin na kadarko, mai amo ba hawaye. Kafin ta ja numfashi na biyu ya rikiɗe ya zama na gaske, ta kifa kai a kan katifa ta kasa tsayawa. Salima ta farka ta taya ta, kyanwa ta shigo ta cika uku.

Goggo ta tsaya da kwanon fate a hannu. Ta ga Iya ta rufe ido ta yi lamo, maiƙo yana ƙyalli a leɓenta, ga wutsiyar kifi ta leƙo daga bakin zane.

"Ke rufe mana baki," in ji Goggo tana duban Zuwera. "Ni anka fara goyawa a kadarkon ga tun ubanki bai zo duniya ba. Tun daga zaure na ji warinki." Ta juya za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta waiwayo ba. "Ki cire mata ƙaya. Kuma ban ga komi ba."

Takalmin ya yi nisa. Iya ta buɗe ido ɗaya, ta tabbata hanya ta yi kyau, sannan ta ɗora hannun nan mai maiƙo a kan ɗankwalin jikarta.

"Ya isa, Zalɓe," ta ce, da murya kamar ta kaza mai mura. "Mun ƙetare."

Ta jawo kifinta ta ci gaba.

"Gobe ki ce su ƙara yaji."