'Yan Kunnen Nevenka

Nevenka ba ta gaji gida ba, ba ta gaji gona ba. Abin da uwarta ta bar mata 'yan kunne ne na zinariya, irin waɗanda kowace tsohuwa a Rijeka, garinsu na bakin teku, take da su: ɗan ƙaramin kan baƙin mutum, da farin rawani, da jan leɓe. Morcic ake ce masa. Masunta kan saka ɗaya a kunnen dama don tsarin teku, shi ma marigayi mijinta da nasa aka binne shi. To, a kan waɗannan 'yan kunnen ne ta rasa ganin jikarta, kuma abin yana cin ta ƙwarai.

Ɗanta tilo, Dalibor, ya auri Rehema, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Tanzaniya. Maƙwabta sun yi ƙus-ƙus ɗinsu, ita kuwa Nevenka ba ta ce uffan ba, kuma duk wanda ya zauna shan kofi da ita sai ya ji labarin wannan kirki nata, ko yana so ko ba ya so. Da aka haifi Tihana kuwa, ai sai tsohuwa ta zauce. Ita ce mai ɗauko ta daga makaranta, ita ce mai soya mata kifin sardin ta tuƙa mata tuwon masara. Ranar da yarinyar ta cika shekara bakwai, ta zaunar da ita a kicin ta saka mata 'yan kunnen gado, ba ta shawarci kowa ba.

Da Rehema ta zo ɗaukar 'yarta ta gani, sai ta durƙusa ta cire su a hankali, ta ajiye a kan tebur.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji ta. "'Yata ba za ta rataya kan bawa a kunnenta ba."

Nan fa Nevenka ta hau. Bawa? Su? Su da ba su taɓa mallakar ko akuyar wani a Afirka ba? Garin ya yi ta canja masu mulki, har uwarta ta zama 'yar ƙasashe huɗu ba ta matsa daga bakin murhunta ba, Italiyawa har suna suka canja wa ubanta. A je a yi wa Ingilishi da Faransawa wannan wa'azin. Da a nan ta tsaya da sauƙi, amma baki shi ke yanka wuya: ta ƙara da cewa wanda al'adar gari ba ta yi masa ba, ai ya san hanyar tashar jirgi. Rehema ta kama hannun 'yarta suka fita. Dalibor, da yake ba mai son rigima ba ne, abin da ya iya faɗa a waya kawai shi ne a bari ƙura ta lafa.

Ƙura ba ta lafa ba har sanyi ya shigo. Wata safiya Nevenka ta ƙulle 'yan kunnen a hankici ta nufi shagon Barba Frane, tsohon maƙerin zinariya, wai maƙalinsu ya saki. Ƙarya take yi, shaida ta je nema. Yana ganin ta ya tambaye ta wa ta cinye yau da sassafe. Ta ce ya bar shirme, ya gaya mata, ba matan garin nan ne suka kori rundunar Turkawa ba, mazansu suka ƙera musu wannan don tunawa?

Barba Frane ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan shi yake gaya wa 'yan yawon buɗe ido, don sun fi saye idan akwai yaƙi a ciki. Abin da maigidansa da ya koya masa ƙira ya gaya masa dabam ne. Attajiran birnin Venis, can tsallaken ruwa, kan sayi yaran Afirka su naɗa musu rawani, su riƙa ɗaukar faranti da riƙe wa matansu bakin riga, ado ne kamar ajiye aku. Daga baya suka ƙera kawunansu da duwatsu masu tsada suna maƙalawa a ƙirji. Talakawan wannan gaɓar suka gani suka yi sha'awa.

"Gaskiyarki, mu ba mu sayi bawa ba, Nevenka. Ba mu da halin saye ne. Hotonsa muka saya."

Ta ce masa tsufa ya taɓa masa kai, ta tattara kayanta. A hanya tana ta gardama ita kaɗai: ko ma daga ina abin ya fito, ita dai da ƙauna ta ba da shi. Ƙafarta ce ta kai ta makarantar Tihana daidai lokacin tashi. Kunya ta hana ta matsawa, ta laɓe bayan rumfar mai jarida don ta hango yarinyar ko daga nesa.

Ga ta nan ta fito, ta ja hular rigar sanyi ta rufe kunnuwanta, kanta a sunkuye. Wasu yara suna biye da ita. Ɗayansu ya duƙa kamar tsohuwa, ya ɗaga hannu yana kaɗawa, ya siranta murya: "Morcic! Morcic ɗina! Zo kaka ta sumbace ki!" Sauran suka kwashe da dariya.

Nevenka ta gane muryar, ta gane ɗaga hannun. Nata ne. Haka take kiran yarinyar tun tana cikin zanen goyo, haka kuma take ƙwala mata kira kullum a bakin wannan ƙofar, kowa yana ji.

Ta koma wurin Barba Frane ta ce ya narkar da 'yan kunnen. Ya daina wasa, ya tuna mata cewa na uwarta ne, kuma wuta ba ta mayar da abin da ta ci. Ta ce ta sani. Tana tsaye ya fasa baƙin fentin da farin rawanin, ya zuba sauran a ɗan kasko ya hura. Ta yi kuka, don tana son uwarta, kuma uwarta ba muguwa ba ce. Zinariyar da ta rage ba ta fi ƙwayar shinkafa biyu ba, ashe yawancin girman kan nan, fenti ne. Ya ƙera mata 'yan ɗigo biyu, babu fuskar kowa a jiki.

Da ta isa gidan ɗanta, Rehema ce ta buɗe ƙofa. Nevenka ta miƙa mata hankicin a buɗe, ta ce ta je makaranta yau, ta ji da kunnenta. Me ya sa ba a gaya mata ba?

"Na gaya miki tun tana jaririya, Mama. Kika ce wasan kaka da jika ne."

Tihana ta leƙo daga bayan uwarta, sai Nevenka ta ji tsohon kiran ya taso mata har kan harshe, da daɗinsa da komai, kamar yadda ya saba. Ta haɗiye shi da ƙyar.

"Tihana," ta ce.

Yarinyar ta tsaya tana kallon ta, don ba ta taɓa jin sunan nan a bakin kakarta ba. Sannan ta matsa daga bakin ƙofa ta ba ta hanya.