Tabarau a Aljihun Sarun

"Baba, ina tabarau ɗin?" Rachana, 'yar Sarun, ta tambaya tana tsayar da mota a ƙofar makarantar.

Sarun ya dafa aljihun rigarsa. "Yana nan, lafiyarsa ƙalau."

"A fuska likita ya ce, ba a aljihu ba."

"Ni da na tako daga Battambang har iyakar Thailand babu takalmi, nakiya dama nakiya hagu, ban taka ko ɗaya ba, ni za a koya wa gani?"

"Makon jiya bas ɗin Frankston ka shiga. Yara a Dandenong suka jira ka awa biyu."

"Direban ne ya sauya hanya."

Rachana ta kashe mota. "Madam Kollias ta ofishin ƙungiyar da ke tura ka makarantu za ta zo yau. Ta ce in ba za ka sa shi ba, za su cire sunanka, su riƙa tura bidiyonka makarantu. Ni ma na yarda."

"Bidiyo," in ji Sarun, kamar an kira sunan kishiyar uwarsa. Ya fita ya rufe ƙofa.

Duk unguwar Springvale an san Prak Sarun. Bai taɓa zama a aji ba ko na wuni guda, kiwon ɓaunar noma ya tashi yana yi, amma shekara goma sha tara ke nan yana shiga makarantu yana ba da labarin abin da ya gani a ƙasarsu, malamai masu digiri suna miƙe masa tsaye. A shagon taliya yakan ce ƙasa da yara ɗari biyar ba ya ɓata yawunsa. Maganar tabarau kuwa, duk wanda ya ga zamanin mulkin Pol Pot a ƙasarsu ya san ta: mai tabarau ɗan boko ne, ɗan boko kuma ba ya kwana biyu. Tun bara aka yanka masa wannan, ko sau ɗaya bai kai shi hanci ba.

Wani malami ya kama hannunsa ya kai shi gaban zaure. Sarun ya ga duhun kawuna ya cika wurin har bango, ya gyara murya. Ya ba su labarin kunun da ake ƙirga ƙwayar shinkafar cikinsa, da yadda ya ci kunama bakwai a rana ɗaya. Bara biyar ce, amma kunama ba ta raguwa a bakin Sarun.

Sannan ya zo wurin da ya fi so.

"Layin gaba, ku taso. Yau ni ne soja. Ba ruwana da sunanka ko halinka. Miƙo hannu."

Haka sojojin Pol Pot suke yi, su shafa tafin hannu. Mai kanta manomi ne, ya koma gona. Mai laushi ya tsaya gefe, ya jira motar da za ta kwashe su. Wannan aikin ba ya bukatar ido, shi ya sa Sarun ya fi kowa iya shi.

"Kai me kake yi da hannun nan?"

"Danna waya," in ji yaron. Zaure ya ɗauki dariya.

"Gefe. Ke fa? Kanta, madalla. Ubanki manomi ne?"

"Ƙwallon raga nake bugawa."

"Kada ki faɗa wa soja haka, shashasha. Wuce gona."

Ya kamo hannu na gaba. Laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa, ga zobba har uku.

"Yarinya, wa ya bar ki ki shigo aji da zobe? Wannan hannun ko tsintsiya bai sani ba. Ke ce ta farko a motar. Gefe, maza."

"Ranka ya daɗe, ni ce..."

"Soja ba ya jin ni ce."

Yara har da masu buga tebur. Sarun ya ji daɗi ƙwarai. Yau kam ya kama su. Mai zobban ta koma gefe ba musu, takalminta yana ƙwas ƙwas, irin ƙarar da takalmin 'yar makaranta ba ya yi. Ya ji, ya share.

Da dariya ta lafa, wata murya siririya daga cikin 'yan gefe ta ce, "Kaka, mu da muke nan, ina za a kai mu?"

An sha yi masa tambayar, kullum yana da amsa a shirye. Amma kullum daga kujeru take fitowa, ba daga inda shi da hannunsa ya tura mutum ba.

"Yayana Vuthy malamin makaranta ne," ya ce. "Ya binne tabaraunsa a gindin ayaba, ya goga hannunsa da dutse kwana uku. Sai sojan bai dubi hannun ba. Ya dubi karan hancinsa, ya ga shaidar da tabarau ya bari. Ina tsaye kusa da shi. Ban ɗaga kai ba. Har aka tafi da su ban san su wa da wa ke gefen ba."

Sarun ya tsaya yana fuskantar inuwoyin da ya ware, ba ya iya bambance ko ɗaya. Ya sa hannu a aljihu. Sai da ya yi fama da akwatin kafin ya buɗu, ya ɗora tabarau a karkace.

Yara huɗu ne a gefe. Mai tambayar 'yar ƙarama ce da waya a haƙoranta. Kusa da ita ga mace mai furfura da jakar ofis, Madam Kollias, tana kallonsa ta saman nata tabarau.

"Ku dawo," in ji shi. "Duk ku dawo. Har ke, Madam."

Ta matso, ta miƙa hannun nan mai zobba ta daidaita masa tabarau. "Talata akwai wata makarantar a Noble Park. Da wannan za ka zo."

Sarun ya juya yana duban zauren. Kujeru ne jere har bango, an rataye jakunkuna da riguna a kansu. Ya ƙirga mutanen sau biyu: ashirin da uku, har da mai shara.

"Ina sauran?" ya tambayi malamin.

"Su ke nan, ranka ya daɗe. Bara ma haka suke."

Sarun ya jinjina kai, ya nuna wani dogo a layin baya.

"To a tayar mini da wancan. Tun yaushe yake barci?"