Jiya da Gobe a Bakin Direba

Shekara talatin da ɗaya Direba ya yi yana jan babbar mota, kuma duk tashar da ya sauka an san shi da baki. In ya fara labari, shayi kan huce a hannun mutane. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ƙafa ta dawo bayan wata huɗu, hannu ya dawo rabi, magana kuwa ta dawo da giɓi. Sunayen abubuwa suna nan: ƙofa, ruwa, taya. Abin da ya rikice masa ƙananan kalmomin nan ne masu nuna ko abu ya wuce ko yana tafe. A ransa ya san jiya, ya san gobe. In ya buɗe baki sai su yi musayar wuri.

Babban ɗansa ya ɗauko shi ya sa shi a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Gado, kujerar roba, rediyo, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Da farko abokan tasha sun yi ta zuwa. Sai su gaji da jiran ya kai ƙarshen magana, su ƙarasa masa da abin da ba shi yake nufi ba, su yi dariya, shi ma ya taya su. A hankali suka ɗauke ƙafa.

Wata Talata da hantsi, gidan ba kowa, santsi ya kwashe shi a banɗaki, ƙugunsa ya daki dakalin siminti. Ya daɗe a ƙasa kafin ya ja jiki ya koma gado.

Da yamma ɗan ya leƙo, jakar aiki na rataye a kafaɗarsa.

"Baba, ya jikin?"

"Zan faɗi," in ji Direba. "Banɗaki. Zan faɗi."

"Ba za ka faɗi ba, Baba. Cire wannan a ranka."

"A'a. Zan... zan faɗi."

"To shi ke nan, gobe zan kira mai walda ya sa maka ƙarfen riƙewa."

Bai saɓa ba. Washegari Direba na kwance yana jin ana huda bango, ƙugu na yi masa zugi. Kwana uku da ƙyar yake sauka daga gado. Matar ɗan ta ce ai tsufa ne, sai haƙuri. A rana ta huɗu ta zo canza zanin gado, rigarsa ta ɗage, ta ga wurin ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

A asibiti hoto ya nuna ƙashi ya tsage. Ɗan ya tsaya a kansa, ransa a ɓace.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

"Zan faɗa," in ji Direba.

Likitar magana, wadda take duba masu irin ciwonsa, tana tsaye a gefen gadon. Ta jawo kujera ta zauna daidai fuskarsa.

"Baba, an ce direba ne ku. In abu ya riga ya wuce, ku jefa hannu baya, kamar kun sa ribas. In yana gaba, ku nuna gaba. Faɗar nan da kuka ce za ku faɗa, baya take ko gaba?"

Direba ya dube ta ya daɗe. Sannan ya ɗaga hannun mai lafiya ya jefa shi bayan kafaɗa.

"Zan faɗa," ya sake cewa.

Ɗan ya fita baranda, ya jima bai dawo ba.

Da aka sallamo su, mako biyu duk wanda zai yi masa magana sai ya zauna ya kalli hannunsa. Daga baya hidima ta yi yawa, aka koma yi masa magana daga bakin ƙofa.

Wata yamma ɗan ya leƙo, idonsa na kan waya.

"Baba, ka ci abinci?"

"Zan ci," in ji Direba, ya jefa hannu baya.

Ɗan ya riga ya juya yana kiran matarsa ta kawo wa Baba abinci. Ta kawo kwano na biyu da zafinsa, ta ajiye a kan kujerar roba, tana ba shi haƙurin jinkiri. Direba ya ci cokali uku don kada ta ji babu daɗi, ya rufe sauran, ya kunna rediyo.